Motar gas da ta ƙi mutuwa: a fara duba tiyo kafin a kwance injekta

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana kanikawa da masu tsofaffin motocin gas a nan Gombe, kan wata matsala da ake kashe mata kuɗi a banza: direba ya murɗa makulli ya zare, inji kuma ya ci gaba da aiki abinsa.

Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Matsin iska ne ke kunna man, don haka yanke masa wuta ba ya kashe shi, sai an yanke masa mai ko iska. Shi ya sa tsohuwar tarakta ke da igiyar da ake ja a kashe ta. Masu cire kan batir inji na aiki su daina, ba zai mutu ba, sai dai su ƙona altaneto.

Tsofaffin Mercedes, wato 200D da 240D da 300D na samfurin da aka fara ƙerawa a 1976, da zuƙon iska ake kashe su. Akwai famfo a gaban inji da ke zuƙe iska. Idan ka murɗa makulli baya, zuƙon yana bi ta wani siririn tiyo ruwan ƙasa zuwa wani ɗan gwangwani a bayan famfon injekta, roba a cikinsa ta ja ƙarfen da ke rufe mai. To robar da ta haura shekara 40 tana shan zafin Maris da Afrilu na Gombe, me kake tsammani? Ta bushe, ta tsage. Kuma zuƙon nan ɗaya ne ke kulle ƙofofi, saboda haka ɗigon iska a ƙofar baya kaɗai ya isa ya hana inji mutuwa. Yaro ya toshe tiyon ƙofofi da ƙusa, a gwada. In ta mutu, an gano ɓarawo. In ba ta mutu ba, a zare tiyon gwangwanin a zuƙe shi da babban sirinji inji na aiki. Ta tsaya? Gwangwani lafiya lau, a koma bayan makulli. In ka ga baƙin mai a cikin tiyon, robar ta fashe, wani lokaci har mai na ɗiga a ƙafar direba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, da an kawo irin wannan mota sai wani ya ce wa mai ita, "Alhaji, famfon injekta ne, sai an kai Kano ko Jos." A sauke famfo lafiyayye, a ɓata masa saiti, a karɓi kuɗi masu yawa, ciwo kuma na nan. Wannan ba gyara ba ne, cin amana ne ko jahilci.

Su kuwa tsofaffin Golf da Hilux masu gas, solonoyid ne a kan famfon injekta, wato ɗan bawul da wuta ke buɗewa mai ya wuce, mai waya guda da ke kawo wutar batir. Zare wayar: in inji ya mutu, wuta ce ke zagayowa, aikin mai wayarin ne. In bai mutu ba, solonoyid ɗin ya maƙale, ko wani ya taɓa cire masa ciki don mota ta tashi.

Direbobi kuma sun mai da kashe mota da giya al'ada, a taka birki a saki kuloci ta shaƙe. Yana cin kuloci, amma ba wannan ne babban tsorona ba. A Mercedes, famfon da ke kashe inji shi ne ke sa birki laushi. In inji ya ƙi mutuwa, birki kuma ya yi tauri, famfon zuƙon iskar ne ke lalacewa, kada a hau hanyar Kaltungo da lodi a haka. Kafin a gyara, akwai ɗan ƙarfe a jikin inji an rubuta STOP, buɗe bonet ka danna.

Akwai wani mai haɗari daban. Inji ya ɗau ƙara da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, saboda yana shan baƙin mansa ta turbo ko don an cika shi ya wuce alama. Nan yanke gas ba ya amfani. A sa babbar giya a taka birki a saki kuloci, ko a toshe bakin iska da katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Sa sabon gwangwani a karkace ma na jawo haka, don haka katakon ya kasance a kusa kafin a tayar.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, a Gombe su sa a riƙa koya wa yaran gareji wannan gwaji kafin a yaye su.

Wassalam.

Daga wani bakanike, Jekadafari, Gombe