Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamina: dalilin da ya sa ɗalibaina ke gyara Wikipedia a darasin sauyin yanayi

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron malamai da ya gabata ka yi mini tambaya a bainar jama'a, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsar da ta dace da matsayinka. Tunda a fili aka yi tambayar, gara amsar ma ta fito fili. Ka ce shekara da shekaru muna hana ɗalibai kafa hujja da Wikipedia, to yaya yanzu zan sa su rubuta wa duniya bayanin sauyin yanayi a cikinta, alhali su kansu ba su gama fahimtarsa ba? Ka ƙara da cewa ɗorewar muhalli aikin hannu ne, ba a koyon sa a gaban kwamfuta.

Wancan hanin yana nan daram a ajina. Ita ma Wikipedia ba ta yarda a kafa hujja da ita a cikinta ba: maƙala ɗaya ba ta zama madogarar wata. Dokarta ita ce duk maganar da za a iya musantawa sai an nuna inda aka wallafa ta, kuma ba a karɓar ra'ayin marubuci ko binciken da ya yi da kansa. Saboda haka mai karanta Wikipedia yana iya tsayawa a kanta, amma mai rubuta ta dole ya wuce ta, ya je ga rahoto da mujallar masana, wato inda muka daɗe muna fama da ɗalibai su je.

Nakan fara zango da labarin ƙanƙarar tsaunukan Himalaya. A rahoton 2007 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi da aka kafa a 1988 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, an rubuta cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi ƙanƙarar ta ƙare nan da 2035. Da aka bi sawu, sai aka tarar an ɗauko maganar daga rahoton ƙungiyar kare muhalli ta WWF na 2005, ita kuma ta ɗauko daga wani labari da mujallar New Scientist ta buga a 1999 bisa hira da wani masani. Babu binciken da masana suka tantance da ya goyi bayan wannan shekara ta 2035. A Janairun 2010 kwamitin ya amince an yi kuskure. Ƙanƙarar tana narkewa, wannan gaskiya ce da awo ya tabbatar, amma 2035 ba ta da tushe, kuma masu musun sauyin yanayi sun daɗe suna jifan dubban shafuka na ingantaccen aiki da wannan sakin layi ɗaya. Kai ka koya mana yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana don girman wanda ya faɗe ta sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Wannan tarbiyyar nake so ɗalibin kimiyyar muhalli ya samu, kuma ban ga aikin aji da ke tilasta ta kamar wannan ba.

Dubi abin da ke faruwa idan ɗaliba ta rubuta cewa iskar kabon ta ƙaru sosai a sararin sama. A takardar jarrabawa zan iya ba ta maki in wuce. A Wikipedia wani da ba ta taɓa gani ba zai liƙa wa jimlar alamar neman hujja, ko ya goge ta ya bar dalili a shafin tattaunawa. Sai ta koma ta nemo: kafin zamanin masana'antu iskar tana kusan kashi 280 cikin miliyan, lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 tana kusan 315, yau ta haura 420. Kalmar "sosai" ta fita, lambobi da shekaru da sunan mai awo sun shiga, kuma ba za ta sake mantawa da su ba domin sai da ta kare su a gaban wani.

Akwai wanda ya fi wannan wuya. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa zafin 2024 ya zarce na shekarun 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. Nan take ɗalibi zai so ya rubuta cewa an karya iyakar digiri 1.5 ta Yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don taƙaita ɗumamar duniya. Ba haka ba ne, domin iyakar tana magana ne a kan matsakaicin zafi na shekaru masu yawa, ba na shekara guda ba. Rahoton IPCC na 2021 da matsakaicin shekara goma ya yi aiki, 2011 zuwa 2020, ya samu kusan digiri 1.1. Ɗalibin da ya zauna ya tsara jimlar da za ta faɗi tsananin 2024 ba tare da ta wuce gona da iri ba, ya fahimci bambancin abin da ya faru bana da inda duniya ta dosa, fahimtar da lacca ba ta cika dasawa ba. Haka nan zai gano cewa kwamitin yana ɗaure kalmominsa da lissafi: akwai matakin yiwuwa da ke nufin kashi 66 zuwa sama, akwai na 90, akwai na 99. Wanda ya san wannan ba zai mai da "mai yiwuwa" ya koma "tabbas" don ya burge mai karatu ba.

Wannan ne abin da na fi damuwa da shi, Malam. Bayani a kan sauyin yanayi ba ya ƙaranci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su iya auna nauyinsa. Ɗalibanmu suna tsakanin masu ce musu duk ƙarya ce da masu ce musu duniya ta riga ta ƙare, kuma duka biyun suna kashe zuciya. Dokar rashin ɗaukar ɓangare ta Wikipedia ba ta ce a raba fili biyu daidai tsakanin kowane ra'ayi da kishiyarsa ba. Ta ce a ba kowane ra'ayi gwargwadon nauyinsa a wurin masana. Nazarin da aka yi a 2013 ya samu kashi 97 na takardun binciken da suka bayyana matsayi sun yarda ɗan Adam ne ke jawo ɗumamar duniya, wani na 2021 ya samu sama da kashi 99. A nan babu zancen raba daidai, kuma ɗalibi yana koyon cewa adalci ga mai karatu shi ne a gaya masa yadda ma'aunin ya rinjaya.

Da aka zo ɓangaren ɗorewa kuwa, dokar nan ɗaya sai ta juya ta nemi wani abu daban, domin a nan saɓanin masana na gaske ne. Ma'anar da kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da ci gaba ya bayar a 1987, cewa ci gaba mai ɗorewa shi ne biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye na masu zuwa ba, tana da daɗin haddacewa, haka ma muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar ta amince da su a 2015. Wahalar tana cikin aiwatarwa. Babbar madatsar ruwa tana ba da lantarki marar hayaƙi, tana kuma tashin garuruwa ta canza rayuwar masu zaune a ƙasan kogi. Man da ake tatsa daga amfanin gona yana rage dogaro da fetur, yana kuma cin ƙasar noman abinci. Batirin motar lantarki da yawa suna buƙatar ma'adinin kobal, wanda fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, tare da duk matsalolin haƙar da aka sani. Ɗalibin da ya shigo da ra'ayinsa a hannu dole ya rubuta hujjar wanda bai yarda da shi ba, kuma ya rubuta ta yadda mai ita zai ce an yi masa adalci. Na ga matasa masu zafin kishin muhalli sun sha wuya a nan, kuma na yi murna da wuyar, domin gobe su ne za su zauna a teburin da ake yanke irin waɗannan shawarwari.

Tsoronka cewa ɗanyen ɗalibi zai iya ɓatar da jama'a yana da tushe, ba zan raina shi ba. A ƙarshen 2021 wani binciken BBC ya gano maganganun musun sauyin yanayi zaune a cikin maƙalun Wikipedia na wasu harsuna, inda masu sa ido ba su da yawa. Wikipedia tana da harsuna sama da 300, kuma kariyar da ke kan ta Turanci ba ta kan mafi yawansu. A ta Turancin ma rigimar wannan fanni ta yi zafi har kwamitin sasanci na shafin ya hana wasu masu gyara taɓa batun a 2010. Ni darasin da na ɗauka shi ne gurbin da masu ilimi suka bari ba ya zama fanko, wani ne zai cike shi. Amma hakan ya ɗora wa malami nauyi, ga kuma yadda nake ɗaukar sa. Ba na tura kowa kan babbar maƙalar sauyin yanayi, wadda ƙwararru suka daɗe suna tsaro. Ƙananan maƙalu muke nema, na wani tafki, ko wata dabarar ban ruwa, ko wata doka, inda bayani ya tsufa ko babu shi. Kowa a shafin gwaji yake fara rubutu, ɗan'uwansa ya duba, ni ma in buɗe kowace madogara in ga ko ta faɗi abin da aka jingina mata, kafin a wallafa. Fassarar inji da ba a gyara ba, da rubutun manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda ke iya ƙago sunan littafin da babu shi, duk ba na karɓa. Maki kuma a kan ingancin aikin nake bayarwa, ko da wani ya zo ya goge shi daga baya. Ina gaya musu tun farko cewa abin da suka rubuta zai zama na kowa, ana iya canza shi a kuma yaɗa shi, kuma ba dole su yi amfani da sunansu na gaskiya ba. Wanda bai so ya wallafa ba, ya miƙo mini nasa a takarda.

Ba ni na ƙago hanyar ba. Tun 2010 jami'o'in Amurka suka fara ta a darussan manufofin gwamnati, daga baya aka kafa gidauniyar Wiki Education da ke tallafa wa malamai a Amurka da Kanada.

Maganarka ta biyu, cewa ɗorewa aikin hannu ne, na yarda da ita, shi ya sa wannan aiki kashi ɗaya ne kawai na darasin. Ba ya maye gurbin awon ruwa da ƙasa, ko fita fili, ko muhawarar da ɗalibi zai tsaya ya kare ra'ayinsa, abin da Wikipedia ta hana shi yi. Sai dai aikin hannu ma a kan bayani yake tsayuwa. Mai shirin dasa itatuwa a busasshiyar ƙasa, idan abin da ya karanta a wayarsa bai gaya masa wane iri ne ke shanye ruwan ƙasa ba, zai yi wahala ya kuma yi ɓarna.

Ina da roƙo ɗaya. A zango mai zuwa ina neman wanda zai duba rubutun ɗalibai a shafin gwaji kafin su wallafa, wanda ba ya barin jimla ta wuce ba tare da hujja ba. Idan Malam ya amince, zan kawo maka maƙalun ɓangaren ruwa da noma, tare da tarihin gyare-gyaren kowacce, ka ga abin da ɗalibi ya fara rubutawa da abin da ya koma bayan an yi masa tambaya.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗalibinka.