Godiya ga Gidan Opera na Baku, daga wani ɗalibi Bakatsine

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidan Opera da Bale na ƙasar Azabaijan, titin Nizami, Baku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na daɗe da bashin wannan wasiƙa a wuyana. Da Hausa na rubuta ta don 'yan uwana na gida su karanta, abokina ɗan garinku kuma ya yi alkawarin juya muku ita zuwa harshenku.

A shekarata ta biyu a Baku wannan abokin ya ja mu, ni da wani ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya, zuwa kallon Laila da Majnun. Ban so zuwa ba. A sanina opera abin Turawa ne, mace ta tsaya tana tsala ihu da harshen da ba ka ji. Sunan wasan ne ya karya min gwiwar gardama, don labarin Ƙaisu da ya haukace saboda Laila ba baƙo ba ne a wurinmu, tun muna Islamiyya muke jin sa. Ga iskar garinku kuwa, wadda ke neman kwashe mutum daga kan titi, ita ta kora mu cikin ginin da sauri.

Godiyata ta fari ga dattijuwar da ke karɓar rigunan sanyi. Ban san al'adar ba, na nufi zauren da jibgegiyar rigata a jiki. Ta yafito ni, ta karɓe ta, ta ba ni lamba, ta dubi hulata ƙube ta yi wata magana tana murmushi. Abokina ya ce cewa ta yi hular kam in shiga da abata. Wanda ya raka mu kujerunmu shi ma bai nuna mana cewa mu baƙi ne da ba su san kan wuri ba.

Kafin a ɗaga labule abokina ya ba mu tarihi a gurguje. Uzeyir Hajibeyov ne ya tsara wasan yana ɗan shekara 22, a kan baitocin Fuzuli, mawaƙin ƙarni na 16, aka fara nuna shi a watan Janairun 1908 a gidan wasan attajiri Taghiyev. Shi ake ɗauka a matsayin opera ta farko a ƙasashen Musulmi na Gabas. Huseyngulu Sarabski ya fito a Majnun, Laila kuwa namiji aka sa, don a lokacin mace Musulma ba ta hawa dandamali. Ɗan Zariya ya ce ashe ba mu kaɗai muka sha wannan muhawara ba.

Abin da ya sa nake rubutun shi ne abin da na gani a kujerun 'yan kallo. Da aka fara, makaɗan da ke cikin rami a gaban dandamali suka ɗauka da gogen Turawa da sarewa, jagoransu na kaɗa sanda, taron mawaƙa suka rera waƙar daren rabuwa da ake buɗe wasan da ita. Kowa ya zauna tsit, hannu a cinya. A jerenmu akwai wasu Turawa biyu, mata da miji, suna gyaɗa kai, da ganinsu sun san wannan hanya.

Can sai jagoran ya sauke sandarsa, gogunan suka yi shiru, aka bar Majnun da mai tar kaɗai. Tar wani molo ne mai tsirkiya 11, ana rungume shi a ƙirji, fuskarsa an rufe ta da tantanin zuciyar bijimi. Wannan sashe shi ne mugham, waƙar gargajiyarku da UNESCO ta karrama a 2003. Hajibeyov bai rubuta wa mawaƙi kiɗan waɗannan wurare ba. Ya nuna masa dai salon da zai bi, ko Rast ko Segah ko Bayati-Shiraz, ya bar shi da muryarsa da abin da ya koya wurin malaminsa. Don haka Majnun ɗin daren jiya ba shi ne na daren yau ba, ko da mutum ɗaya ne.

Nan take zauren ya zama wani wuri daban. Wani tsoho da ke gabana, wanda tun ɗazu na zaci gyangyaɗi yake, ya miƙe wuya ya rufe ido, leɓensa na bin baitin kafin mawaƙin ya kai gare shi. Da muryar ta hau sama tana karkarwa a maƙogwaro, sai na ji "bah-bah!" daga baya, wani ya ce "sagh ol!", wato madalla, tafi ya ɓarke alhali mawaƙin bai sauke numfashi ba. Baturen nan ya waiwaya da fuskar wanda aka taka wa ƙafa a sahu. A wurinsu sai an kai aya ake tafi. Ni kuwa sai na ji ni a gida, don mu ma ba ma jiran makaɗi ya gama kafin a yi masa guɗa.

Ban ga ma'aikacinku ko ɗaya ya zo ya ce wa tsohon ya yi shiru ba. Ban kuma ga an bar hayaniya ta shiga wurin da gogunan ke aiki ba. Da sanda ta tashi mutane su koma tsit da kansu, da ta sauka su saki jiki. Kunne iri biyu a zaure ɗaya, wani lokaci ma a kan mutum ɗaya, kuma gidanku ya ɗauke su duka. Da kun ga dama da kun ɗaure mugham a takarda, kun rage masa tsawo don baƙi irinmu. Ba ku yi haka ba, shi ne babban abin da nake gode muku.

Ba kowa abin ya gamsar ba, gaskiya. Ɗan Zariya ya daure har wurin da aka aurar da Laila ga Ibn Salam, sannan ya raɗa min cewa baiti ɗaya fa mutumin nan yake ja tun ɗazu. A hutun tsakiya na ji wata budurwa tana gaya wa ƙawarta cewa saboda kakarta kawai take zuwa. Abokinmu ma yana da nasa ƙorafin, amma ta ɗaya gefen: shi a ganinsa mugham na ainihi a ƙaramin ɗaki ake jin sa, mawaƙi na riƙe da 'yar gangarsa ta hannu. Baturiyar kuwa, a wurin kabarin Laila na gan ta tana lalube jaka tana neman hankici, mijin kuma ya daina waiwaye. An ce Hajibeyov yana yaro a garin Shusha ya taɓa rera waƙa cikin 'yan amshi a wani ɗan wasa na wannan fage na kabari, daga nan abin ya shiga ransa. Da na ga fagen ban yi mamaki ba.

Roƙona ɗaya ne. Akwai ɗaliban Afirka a jami'o'in Baku da ke wuce ƙofarku ba su san labarin da suka taso da shi ake rerawa a ciki ba. In da hali a riƙa sanar da ofisoshin ɗaliban waje ranar da za a yi wannan wasa, zan kawo mutanena. Ɗan Zariya ma ya ce zai dawo, da sharaɗin a ciyar da shi tukuna.

A gaishe min da dattijuwar rigunan sanyi, da mai tar, da jagoran makaɗa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa gidan albarka.

Naku,
Wani ɗalibi Bakatsine a Baku