Amsa ga baiwar Allah da ta yi tambaya kan gwajin jinin mahaifinta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

Ranar da kika bugo waya daga Tudun Wada a shirinmu na lafiya a rediyo, lokaci ya ƙure kafin in ba ki amsa mai gamsarwa, abin kuma ya tsaya mini a rai. Kin ce an gano ciwon daji a tumbin Baba, har an sa ranar aiki, sai wani ya duba takardar gwajinsa ya ce CRP ya hau, wai alama ce aikin ba zai yi kyau ba. Kika tambaya ko da gaske jini yana faɗin abin da zai biyo bayan tiyata. Na ji yadda muryarki ke rawa, shi ya sa na zauna na rubuto.

Jini yana ba mu haske, amma ba ya ƙidaya wa kowa kwana. CRP sinadari ne da hanta ke sakewa duk lokacin da jiki ke fama da kumburi, tun 1930 aka san shi. Likitoci a Gilasgo ta ƙasar Sikotland suka haɗa shi da wani furotin na jini mai suna albumin, suka fitar da ma'auni: idan CRP ya haura miligiram 10 a lita, albumin kuma ya yi ƙasa da giram 35 a lita, mai ciwon ya faɗa rukunin da ya fi buƙatar kulawa. Akwai kuma lissafin da ake yi daga gwajin ƙirgen jini na yau da kullum, wanda kusan kowane ɗakin gwaji a Kaduna yake yi. Ana ɗaukar adadin fararen ƙwayoyin jini da ke rugawa wurin kumburi, wato niyutirofil, a raba da adadin limfosait masu yaƙar ƙwayoyin daji. Wanda yake da 6 da 1.5, lissafinsa 4 ke nan. Binciken da aka yi, galibi a Japan da Koriya ta Kudu da Sin inda ciwon ya yi yawa, ya nuna waɗanda lissafinsu ya yi sama sun fi haɗuwa da matsala bayan aiki, ciwon kuma ya fi dawo musu.

Amma wannan magana ce ta taron jama'a, ba ta Baba shi kaɗai ba. Su kansu masu binciken ba su tsaya kan iyaka ɗaya ba, wasu sun sa ta kusa da 2, wasu har 5. Kuma mu nan muna da namu abin lura. Zazzaɓin cizon sauro, taifod, tarin fuka, ko ruɓaɓɓen haƙori, kowanne yana ɗaga CRP. Ƙwayar deksa da ake saye a kemis tana dagula ƙirgen fararen ƙwayoyin. Sannan da yawa daga cikinmu 'yan Afirka ta Yamma, a halitta niyutirofil ɗinmu bai kai na Bature yawa ba, lafiyarmu ƙalau. Na taɓa ganin wani dattijo da 'yarsa ta zagaye lambar CRP da jan biro, takardar duk ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa, ta kwana tana kuka a kanta. Ashe maleriya ce. Da aka yi maganinta aka sake gwaji, lambar ta sauko sosai.

Abin da ya fi kowane gwajin jini nauyi shi ne matakin ciwon: zurfin da ya ci a bangon tumbi, yawan kaluluwar da ya kama, ko ya kai hanta, da ko an cire shi kakaf. Wannan za ki tambayi likitansa.

Ni amfanin waɗannan lambobi a wurina shi ne suna nuna mini abin da zan gyara tun da sauran lokaci. Albumin yakan sauka saboda kumburin kansa, yakan kuma sauka saboda mutum ya yi watanni abinci ba ya zama a cikinsa. To a nan ke ma kina da aiki. Ƙwai, kifi, nono, kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. In yana shan taba ya bari yau. In jininsa ya yi ƙasa a nemi masu ba da jini tun yanzu, kada sai daren aiki.

Bayan tiyata kuma za ki ga CRP ya yi sama, kada hankalinki ya tashi, yankan ne ya jawo. Yakan kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3, daga nan ya fara sauka. Idan ya ƙi sauka, ko ya sake hawa, musamman ga zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, sai mu yi zargin ɗinkin da aka haɗa hanji ya fara yoyo ko mugunya ta taru, mu nemi hoto da gaggawa. Sau da yawa ku masu jinya kuke riga mu ganin canji, don haka in kin ga Baba ya sauya, ki faɗa wa nas nan take, kada kunya ta hana ki.

Ki ɗauki takardar gwajin ki koma wurin likitansa, ki roƙi a duba maleriya, a sake gwajin kafin ranar aiki. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Ɗan'uwanki,
likitan tiyata, Kaduna