A mayar wa masu gudun ƙarshe ranarsu ta Paris

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na wasanni ba ya wuce ni, shi ya sa na kawo muku kukana game da hanyar tseren keke na Tour de France, musamman zangon ƙarshe.

Tun 1975 ake rufe tseren a titin Champs-Élysées na birnin Paris, ban da 2024 da aka kai shi Nice saboda gasar Olamfik. Titi ne mai faɗi, babu wani tudun kirki, don haka ranar ta zama ta masu gudun ƙarshe, wato mahayan da ƙarfinsu ke fitowa a 'yan mitocin ƙarshe. Kwatsam a 2025 masu shirya tseren suka sako tudun Montmartre har sau uku, ta ƙunƙuntar hanyar Rue Lepic mai daɓen duwatsu. Na kalla, kuma tsakani da Allah ya ƙayatar. Ga ruwan sama, ga jama'a maƙil, Wout van Aert na Beljiyam ya tsere wa Tadej Pogačar na Sloveniya, zakaran tseren na shekarar, a hawan ƙarshe ya ci zangon. Sai dai santsin ruwan nan ya sa aka tsayar da lissafin lokacin da ake fitar da zakaran tseren gaba ɗaya da shi tun da sauran tafiya mai nisa, kada wani ya faɗi ya yi asarar wahalar mako uku. Ashe su ma sun san hanyar da haɗari.

Masu gudun ƙarshe su ne damuwata. Mutane ne majiya ƙarfi, masu nauyin jiki. In an shiga tsaunukan Alps da Pyrenees, can baya za ka gan su suna jan jiki, suna fama da agogo, domin duk wanda ya wuce lokacin da aka yanka, sallamarsa ake yi. Me ke sa su cije? Paris. A titin Champs-Élysées ɗin nan Mark Cavendish na Birtaniya, gwanin gudun ƙarshe, ya yi nasara shekara huɗu a jere, daga 2009 zuwa 2012. Yanzu sun haye tsaunuka da ƙyar, an zo ranarsu kuma an miƙa wa gwanayen hawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga kuma namu, Biniam Girmay na Eritiriya. A 2024 ya ci zango uku, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a tseren, ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, galibi mai gudun ƙarshe. Shekarar ba a je Paris ba. Ina so in ga ranar da yaron nan zai ɗaga hannu a Champs-Élysées, kuma tudun Montmartre na tare masa hanya.

In dole sai an hau Montmartre, a hau shi sau ɗaya tun da wuri, yadda ayarin zai sake haɗuwa kafin layin ƙarshe. Don Allah a karanta wannan a shirin, in ji ra'ayin sauran masu sauraro.

Naku,
Mai sauraro daga Maraɗi