Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ilimi na Saudiyya: jarrabawar Kudurat basira take aunawa ko aljihu?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni direba ne a Rusaifa, nan Makka. 'Yata ta gama sanawiyya, wato babbar sakandare, da kashi 98. Shekara uku ina dawowa aiki ƙarfe ɗayan dare in tarar da fitilar ɗakinta a kunne. Likitanci take so, kuma bana ba ta samu gurbi ba.

Ka fi ni sanin lissafin. A jami'o'i da dama, wajen ba da gurbi, sakamakon sanawiyya kashi 30 ne, sauran kuma na jarrabawoyin shiga jami'a guda biyu ne: Kudurat 30, Tahsili 40. Wato wahalar shekara uku ba ta kai rabin zama biyu a ɗakin jarrabawa ba. Da Tahsili ba ni da rigima sosai, kimiyyar da aka koya mata a aji ake tambaya. Kudurat ce ta tsaya min a rai.

An ce mana Kudurat ba a yi mata hadda, kaifin tunani kawai take aunawa, na harshe da na lissafi. To, madalla. Kasuwar da ta kewaye ta fa, me take sayarwa? Wata cibiyar horo da na je, kuɗin da suka yanka min ya kai hayar gidanmu ta wata guda. Na yi godiya na fito. Yarinya ta koma bin tajmi'at, tsofaffin tambayoyin da ake yaɗawa a Telegram, wasu amsoshin ma ba daidai ba. Ɗan mai hali kuwa yana da malami a gida mai nuna masa dabarun cinye lokaci, ya biya ya zauna, ya sake biya ya sake zama, a ɗauki makinsa mafi girma. Ashe basira ma a kan saye ta da riyal, mu ne ba mu da labari.

A 2021 aka ƙaddamar da shirin bunƙasa ƙwarewar ɗan Adam ƙarƙashin Ru'uya 2030, babban tsarin raya ƙasa na Saudiyya. Kalmar nan, kudurat, tana cikin sunansa na Larabci. Mun ɗauka da 'ya'yanmu ake.

Ban ce a soke jarrabawar ba. Na san makarantu sun bambanta wajen ba da maki, wasu hannunsu a sake yake. Roƙona, don Allah, a mayar da horon Kudurat darasi na sosai cikin jadawalin kowace makarantar gwamnati, a kuma saki tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu na gaskiya kyauta. Batun rage mata nauyi a lissafin shiga likitanci, shi ma a duba.

Ƙaninta yana aji biyu na sanawiyya yanzu, ya fara tambayata kuɗin horo.

Wassalam,
Wani uba daga Rusaifa, Makka.