Masu Ɗaukar Hoto, Kada Ku Yi Gaggawar Sayar Da Idanun Kyamararku

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da abokan sana'ata masu ɗaukar hoto, musamman matasa, domin abin da na gani makon jiya ya tsaya mini a rai.

Yaron da nake koya wa aiki ya zo mini da fara'arsa, wai ya sayar da idanun kyamararsa, wato gilasan da ake ɗaurawa a gabanta (lens), har guda uku. Zai koma kyamara marar madubi, kuma an ce masa tsofaffin idanun ba sa hawa kanta. Wallahi raina ya sosu. Duk wanda ya faɗa masa haka, ko dai bai san aikin ba, ko kuma da gangan ya cuce shi.

A kyamara mai madubi, wato DSLR, akwai madubi tsakanin idon kyamarar da sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Shi ke tura haske sama zuwa inda kake leƙawa, shi ne kuma ke ɗagawa ya yi ƙas idan ka danna. Da aka cire madubin a sabbin kyamarori, sai ido ya matso dab da sensa, jikin kyamarar ya sirance. A tsohon tsarin kamfanin Canon, wato EF, tazarar da ke tsakanin mazaunin ido da sensa milimita 44 ce, a sabon tsarinsa na marar madubi, RF, kuwa 20. Ta Nikon ta sauko daga 46.5 zuwa 16. To wannan giɓin shi adafta ke cikewa: zobe ne kawai da ke mayar da tsohon ido daidai inda ya saba zama, ko gilashi babu a cikinsa. Kamfanonin biyu sun fitar da nasu adafta tun 2018, tare da kyamarorinsu marasa madubi, EOS R ta Canon da Z6 da Z7 na Nikon.

Ni kaina ina da wani ido mai milimita 50 (ma'aunin faɗin abin da yake hangowa ke nan) da ya shekara goma sha biyu a hannuna, har fentin gefensa ya goge. Ranar da na ɗaura shi a sabon jiki na saita kan 'yata tana karatu kusa da taga, wani ɗan akwati ya kama ƙwayar idonta a allo, ta juya kai ya bi ta. Bai taɓa fitar mini da hoto tas irin na ranar ba.

Amma a tambaya kafin a sayi adafta. Wasu tsofaffin idanun Nikon da babu injin saiti a cikinsu sai dai ka murɗa da hannu, idanun da Canon ta yi wa kyamarorinta na EOS M kuma ba sa hawa RF ko kaɗan.

Ban raina marar madubi ba. Tun da Panasonic ta buɗe hanya da Lumix G1 a 2008, Sony ta biyo da A7 a 2013, can harkar ta karkata. Kana ganin hasken hotonka tun kafin ka danna. Sai dai tana shan batir ba kaɗan ba, ni uku nake sawa a jaka. Kuma da ka cire ido sensa tana fili, don haka nakan kashe kyamarar in kifa bakinta ƙasa kafin in canza, kada ƙura ta bar mini ɗigo a kowane hoto.

Shi yaron dai na ara masa nawa mai milimita 50 tare da adafta, ya riƙe har ya haɗa kuɗin wani.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto