Mun yi kandi, amma ina sauran 'yan ajinmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da yawun 'yan ajinmu, 'yan matan da muka kammala sakandare a shekarar 2025, a wata makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati da ke cikin birnin Zariya. An yi mana bikin yaye, mun ɗinka anko, mun sha lalle, iyaye sun zo an yi ta ɗaukar hoto. Alhamdu lillahi. Sai dai da muka zauna mu ya mu muna tuna baya, hirar ba ta daɗe a kan daɗi ba ta koma kan waɗanda muka fara tare amma ba su kai wannan rana ba. Saboda su na ɗauki biro.

A watan Satumba na 2019 muka shiga JSS 1. Ko zango na biyu ba mu ƙarasa ba korona ta shigo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka sa dokar kulle. An yi ta ba da darasi ta rediyo da talabijin, amma yawanci na manya ne masu shirin WAEC, mu kuwa ko sunayen malamanmu ba mu gama riƙewa ba. Muna gida aka yi azumi, muna gida aka yi rasuwar Sarkin Zazzau Shehu Idris a watan Satumba, bayan shekara 45 a kan karaga. Sai wajajen ƙarshen shekara aka fara buɗe makarantu aji-aji.

Edita, duk wanda ya san cikin birni ya san ba a barin yarinya ta yi wata da watanni a gida hannu rabbana. Wata aka ɗora mata tallan awara, wata aka zaunar da ita ɗinkin babbar riga tare da matan gidansu, tana cika aska biyu da aska takwas ana biyanta, wata kuma aka kai ta aikatau Kaduna. Da aka koma, iyayen da suka ɗanɗani ɗan abin da take shigowa da shi ba duka ne suka sake ta ba. Daga nan bencinmu ya fara yin sarari. A lokacin murna ma muka yi ta yi an sami wurin zama, don ƙuruciya ba ta bar mu mun gane abin da ke faruwa ba.

Shekarar 2021 kuma tsoro ta zo da shi. A watan Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan bakin garinmu, a watan Yuli aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari a makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, gwamnati ta ɗage komawa makaranta. Mu ba 'yan kwana ba ne, amma uba idan hankalinsa ya tashi ba ya tsayawa bambance wannan da wancan. Wasu suka ce 'yarsu ta zauna har ƙura ta lafa. Har yau tana zaune.

Amma abin da ya fi cin 'yan ajinmu, a ganina, kuɗin mota ne, kuma shi ne ba a cika faɗa a wurin taro ba. Muna SS 1 aka yi canjin kuɗi a farkon 2023, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai Keke Napep kuma ba ya karɓar alkawari. Ba a farfaɗo ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta wuce 1,000. Uban da ke da yara biyar a makaranta, kowace safiya sai ya zaɓi wanda zai ba kuɗin mota, kuma kowa ya san wanda ake fara cewa ya haƙura.

Ƙawata da muke benci ɗaya daga Dakace, can bayan gari, take zuwa. Duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi. Malam yana rubuta tambaya a allo, kafin ya juyo ta gama. Da farko ta riƙa tsallake ranaku. Sai ta koma tahowa da ƙafa rabin hanya, ta iso an gama asambili, ta sha bulalar latti, ba ta taɓa gaya wa malamin da ke tsaron ƙofa dalili ba saboda kunya. A zango na biyu na SS 2 ta daina zuwa gaba ɗaya. Monita ta yi makonni tana kiran sunanta ana cewa ba ta zo ba, daga baya aka daina kira. Babu wanda ya taka ya je gidansu. Wallahi wannan abu yana ci mini rai, don da ita ce ta zauna jarrabawar da na zauna, da sakamakonta ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Akwai waɗanda aka yi wa aure, Allah Ya ba su zaman lafiya. Ni ban ga laifin aure ba, kuma a Zariya babu mai cewa aure yana hana karatu, tunda ga matan aure nan da goyo suna shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo da makarantar horar da malamai da aka fi sani da FCE kullum. Abin da ya rage shi ne a sa maganar ƙarasa karatun cikin sharaɗi tun ranar da aka zo neman aure, a kuma cika. Sannan ga waɗanda suka fi ba ni tausayi: sun yi shekara shida cif, sun zo bikin yaye da ankonsu, amma ba a biya musu kuɗin WAEC ko NECO ba, balle JAMB. Sun fita babu takarda. Ni kaina adashin mahaifiyata aka kwasa aka biya mini.

Kada a ɗauka ba mu da abin godiya. Muna da malamin lissafi da yake zuwa ranar Asabar ya yi mana bita ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Muna da malamar Hausa da ta koya mana tsayawa a gaban jama'a mu yi muhawara ba murya na rawa. Da aka matso JAMB, wadda da kwamfuta ake yin ta, malama ɗaya ta kawo tata daga gida muka riƙa layi muna koyon riƙe linzami, don da yawanmu ba mu taɓa taɓawa ba. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan iyayensu.

Kullum ana gaya mana Zariya garin ilimi ce, kuma gaskiya ne. Kwalejin Barewa da aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo nan a 1949, ta yaye Janar Gowon da Janar Murtala. Ga Alhudahuda, ga Kufena a Wusasa, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. To garin da ke da wannan tarihi bai kamata yarinya mai ƙwaƙwalwa ta bar aji saboda kuɗin Keke Napep, a rasa mai tambayar inda take ba.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu, duk ɗalibar da aka yi mako biyu ba a gan ta ba, a aika gidansu, ko ta hannun mai unguwa ne. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma, fentin ƙofar makaranta yana da kyau, amma kuɗin jarrabawar yarinya ɗaya ya fi shi daɗewa. Mu ma ba mu zauna ba: a zaurenmu na WhatsApp mun fara karo-karo don ƙawar tamu ta Dakace ta zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, biyu daga cikinmu kuma sun ɗauki nauyin yi mata bita da littattafanmu. Mahaifinta ya amince.

Ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna, roƙona ɗaya ne. Rajista tana nan a kowace makaranta. A fito a gaya wa jama'a, makaranta-makaranta, yara nawa suka shiga JSS 1 a Zariya a 2019, nawa ne kuma daga cikinsu suka zauna jarrabawar ƙarshe a 2025, maza daban mata daban.

Wassalam.

Wata ɗaliba 'yar kandin 2025,
Tudun Jukun, Zariya.